Ragowar Baba Levi

"Baba, yau ma?" in ji Mildred.

Tana tsaye a ƙofar ɗakin da murfin langa a hannu, sanye da farar rigar aikin asibiti, jaka a kafaɗa. A bakin titi mai okada sai danna hon yake yi. Baba Levi, uban mijinta, yana zaune a bakin gado yana share hannu da tsumma. Bai ɗaga kai ba.

"Na ƙoshi."

"Rabi fa ka ci. Naman ma ko taɓawa ba ka yi ba. Miyar ce ba ta yi ba? Ka gaya mini, ba zan ji haushi ba."

"Miya ta yi."

"To gobe zan rage. Tsoho idan ya ga abinci tuli a gabansa, sai ransa ya ƙi. Kullum muna gani a asibiti." Ta juya wajen mutumin da ke zaune a benci daga waje. "Baba Kumai, ka yi wa abokinka faɗa mana. Ni na makara."

Kumai ya miƙa wuya. Idonsa yana cikin langar. Kafin ta kifa murfin ya ga abin da ya san zai gani. An tsaga malmalar tuwon masara biyu daidai, kamar da wuƙa. Ɓangaren da ya fuskanci Levi an cinye shi tas. Ɗaya ɓangaren yana nan sumul, ko ɗigon karkashi bai taɓa shi ba, an ɗora tsokar naman a kansa. Kuma ba a gaban Levi ta ɗauki langar ba. A bakin ƙofa ta same ta, inda ya tura ta da bayan hannu.

Mildred ta zagaya bayan kicin. Suka ji cokali yana kankare langa a cikin bokitin da ake tara wa aladun maƙwabta sauran abinci. Sannan okada ya tashi da ita.

Levi ya ninke tsumman ya ɗora a gwiwa.

"Hadari ya haɗo daga dutsen Kagoro," ya ce. "Mutanenku sun sake turo mana ruwa."

"Ku Jaba ai sai an turo muku. Me kuke da shi in ba citta ba?"

Da haka suka rufe maganar a ranar.

Tare suka yi aikin reluwe, tun jirgi yana shigowa Kafanchan ta hanya uku. Leburorin layi ne, diga da shebur, rana da ruwa. Babu wanda ya yi nisa a makaranta a cikinsu, sun dai iya sa hannu. A kwatas ɗin ma'aikata ɗakunansu na jere. Da suka ajiye aiki suka sayi fili a Takau, katanga ɗaya ta raba su. Saboda haka Kumai ya san yadda Levi yake cin tuwo kamar yadda ya san tarinsa na safe.

A kwatas, da yamma, marigayiya Lucia za ta kawo wa mijinta langa ta ajiye. Yara sun riga sun ci nasu a tire, amma sai ka gan su sun tsugunna a bakin ƙofa suna wasa da tsakuwa, wai su ba jira suke ba. Levi zai yi addu'a, ya sa gefen hannu ya tsaga tuwon, ya ci nasa ɓangaren bai kalli kowa ba. Idan ya gama ya ɗora naman a kan ragowar, ya tura langar wajen ƙofa. Daga nan sai yaƙi. Tuwo ɗaya ne daga tukunya ɗaya, amma babban ɗansa Rufus ya sha rantsewa cewa na Baba ya fi daɗi. Har yau akwai tabo a girar Rufus, inda ƙanwarsa Joanna ta kwaɗa masa murfin langa a kan tsokar nama. Haka uban Levi ya yi a ƙauyensu na wajen Kwoi, haka uban Kumai ma ya yi. Da 'ya'yan Levi suka girma suka watse, gidan bai rasa masu jira ba, don kullum akwai 'ya'yan dangi da ke zaune wajen Lucia suna makaranta a gari.

Lucia ta rasu, yaran suka koma gidajen iyayensu. Rufus ya kwaso iyalinsa daga Kaduna don kada tsoho ya zauna shi kaɗai. Ya rushe ginin ƙasa na gaba ya yi na bulo, da falo da teburin cin abinci mai kujera shida. Levi ya ƙi barin tsohon ɗakinsa na baya.

Kumai bai taɓa ganin an ci abinci a kan teburin nan ba. Kayan guga ne a kai, da jakar makaranta, da wayoyin caji. Rufus dillalin citta ne. Kafin gari ya gama wayewa motarsa ta fita, sai duhu ya yi take dawowa, wani lokaci ma ya kwana a hanya. Mildred nas ce a wani asibitin kuɗi, yau diyutin safe, gobe na yamma. 'Yarsu Stella tana ajin ƙarshe a sakandare, daga makaranta sai lesin, daga lesin sai ta shige ɗaki da farantin indomi da waya. Ran Lahadi ma kowa da taronsa bayan sujada. Akan zuba wa kowa nasa a kular abinci, ya ci lokacin da ya samu.

Kuma ba za a ce Mildred ba ta kula ba. Ko da tana sauri ba ta yarda tsoho ya ci tuwon jiya. Sai dai ita 'yar hedimasta ce, a Kaduna ta tashi, a gidan da kowane yaro yake da farantinsa da cokalinsa, wanda ya rage abinci kuwa a yi masa faɗan ɓarna. Idan ta ga ragowa, abu biyu take gani: ko girki bai yi daɗi ba, ko ya yi yawa.

Washegari ta rage, kamar yadda ta ce. Levi ya tsaga abin da aka kawo, ya ci rabi. Bayan mako ta sake ragewa. Ya sake tsagawa. Langa ta koma kwano, kwano ya koma ƙaramin kwano. Ruwan sama ya ɗauke, aka fara tonon citta, Levi ya fara ɗaure wandonsa da igiya.

Wata rana Kumai ya jira Mildred ta fita, ya tashi daga benci ya shiga ɗakin, abin da bai cika yi ba.

"Ka gaya mata."

"Me?"

"Kada ka mai da ni yaro, Baban Rufus. Ka gaya mata na Stella ne."

Levi ya daɗe yana kallon bango, inda hoton Lucia yake rataye kusa da kalandar coci.

"Ubana bai taɓa kiran yaro ba," ya ce. "Ni ma ban taɓa ba. Yaro ne yake zuwa. Idan na kira, ya zama roƙo. In roƙi jikata ta zo ta ci abin da na taɓa da hannu? Yarinyar da ko tuwo da cokali take ci?"

"To ka cinye abinka."

"In suɗe kwano kamar wanda ba shi da kowa?"

Kumai shi ma da za a tambaye shi haka zai ce.

"Kuma ka ji ni da kyau," in ji Levi. "Idan maganar nan ta fita daga bakinka, kada ka sake zama a bencin nan."

Milka, matar Kumai, ta gwada tata dabarar. Ta yi faten acca da yakuwa, ta cika kwano ta kai da kanta. Levi ya gode mata, ya ce ta gaishe da gida, ya ce ta koma da abinta.

"A gidana ba a ɗora tukunya ne, Maman Hellen? So kike a ce surukata ta bar ni da yunwa?"

Ta dawo da kwanon ta dangwarar a gaban mijinta.

Wata ranar Lahadi, ana tsaye ana waƙar buɗe sujada, Kumai ya ji kafaɗar Levi ta jingina da tasa. Ya ɗauka tsokana ce. Sai ya ji nauyin yana zamewa ƙasa. Da ya tare shi, abin da ya fi ba shi tsoro shi ne rashin nauyin. Mutumin da a da yake saɓa katakon layi shi kaɗai, yau Kumai ya riƙe shi da hannu ɗaya.

Aka kai shi asibitin da Mildred take aiki, aka yi masa ƙarin ruwa. Likita ya ce zuciya ta tsufa, wannan babu yadda za a yi, amma jikin ma ba ya samun abinci. Bayan 'yan kwanaki aka sallamo shi. Da yammar ranar Milka ta shigo gida idonta ja.

"Yarinyar nan Mildred kuka take yi a kicin. Ta ce ta dafa acca, ta dafa doya, ta sayo kifi, komai rabi yake ci. Ta ce abokan aikinta suna kallonta, nas guda, surukinta ya faɗi da yunwa. Kai da abokinka, girman kai ne zai kashe ku. Idan kai an ɗaure maka baki, ni ba a ɗaure mini ba. Yanzu zan je in gaya mata."

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"Idan kin gaya mata, me za ta yi? Za ta aiki Stella kamar aiken magani. Yarinya ta zo da cokali tana yatsine fuska, shi kuma ya gani a idonta cewa turo ta aka yi. Daga ranar ko rabin ma ba zai ƙara ci ba."

Milka ta zauna.

"To wa?"

"Wanda ba sai an gaya masa ba."

Sai dai kama Rufus ya fi kama zabo wuya. Kumai ya fito da sassafe, ya tarar da sawun taya kawai. Ya sa Milka ta kira masa shi a waya. "Baba Kumai, ina kan hanya ne, zan kira ka." Bai kira ba. Aka sake kira. "Baba, ana awo ne, ka ba ni minti biyu." Minti biyun ba su ƙare ba.

Ranar kasuwar Kwoi, Kumai ya sa kaftaninsa na zuwa coci, ya ɗauki sanda, ya tafi tasha. Rabonsa da fita daga Kafanchan tun jana'izar wani ƙaninsa. Ya shiga mota aka matse shi tsakanin wata mai kaji da buhun gishiri har suka isa.

Tun kafin ya sauka ƙamshin citta ya shiga masa hanci. Ko'ina an baza ta a kan tamfol, tsagaggiya, tana bushewa. Masu lodi suna ta atishawa. Ya tambayi inda Rufus ɗan Kafanchan yake, aka nuna masa bayan wata babbar mota. Ya same shi a tsaye, waya maƙale tsakanin kunne da kafaɗa, yana cin shinkafa a 'yar roba da cokalin roba, yana yi wa mai sikeli ihu da baki cike.

Da Rufus ya gan shi, cokalin ya faɗi.

"Baba Kumai! Baba ne? Wani abu ya faru?"

"Yana nan."

"Kai, ka tsorata ni. To me ya kawo ka har nan? Da ka kira ni mana."

Kumai ya kalle shi kawai. Rufus ya sauke wayar daga kunne.

"Yaushe rabonka da ganin ubanka yana cin tuwo?"

"Baba, abinci ba ya yanke masa. Ni nake sayen masara buhu-buhu. Nama kullum. Likita ya ce madara, na sayo katan guda."

"Ban tambaye ka mai saye ba."

Rufus ya yi tunani. "Kirsimetin bara," ya ce. "A'a, ranar na kai su Fasto Zonkwa." Ya yi ta lissafi, lissafin bai fito ba.

"Yau da yamma, lokacin da ake kai masa," in ji Kumai. "Ka tsaya a bakin ƙofa. Kada ka yi magana. Kada ka ce ka gan ni."

"Yau kam ba zai yiwu ba. Mota biyu ake yi mini lodi. Idan na juya baya, ɗanyar citta za su cusa mini a gindin buhu. Amma me ke faruwa? Ka gaya mini mana."

"Kana da ido."

"Baba Kumai, ka tsaya in sa a kai ka tasha."

"Uban naka ne," in ji Kumai, ya juya da sandarsa.

Rufus bai zo ba a ranar. Washegari ma bai zo ba. Kumai yana zama a benci kowace yamma, bayansa ga ɗakin, idonsa ga ƙofar gida. Yana jin numfashin Levi daga ciki, gajere-gajere. Ya fara tunanin ko a banza ya sha matsin mai kaji.

Ranar da ya fid da rai, rana ba ta faɗi ba tukuna sai ga hancin motar Rufus a ƙofar gida. Kajin gidan ma sai da suka firgita, ba su saba ganinta da hasken rana ba.

Mildred ba ta da diyuti ranar. Ta riga ta shiga da abincin, a wani ɗan kwanon silba da take ba Stella abinci a ciki tun tana rarrafe. Tuwon bai fi ƙwan agwagwa ba. Rufus ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, makullin mota a hannu, ƙurar citta a gashinsa.

Levi bai kalli ƙofa ba. Bai taɓa kallon ƙofa ba idan yana ci. Ya wanke hannu, ya sunkuyar da kai. "Ubangiji, mun gode. Ka ba waɗanda ba su samu ba. Cikin sunan Yesu." Gefen hannunsa ya fi ƙarfin tuwon, sai ya sa yatsa ɗaya ya ja layi a tsakiya. Ya yi loma biyu ƙanana. Ya ɗauki 'yar tsokar ya ɗora a kan ragowar, ya gyara mata zama. Sannan ya sa bayan hannu ya tura kwanon wajen ƙofa. Hannun ba ƙarfi. Kwanon ya matsa kaɗan ya tsaya.

Waya ta fara kuka a aljihun Rufus. Ya ciro ta ya miƙa wa Kumai bai duba ba. Kumai bai san inda ake kashe irin wannan ba, sai ya sa ta a ƙarƙashin cinyarsa ya danne.

Rufus ya cire takalmi. Mutum ne mai shekara hamsin da tumbi, da ya tsugunna sai da gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya wanke hannu a ruwan da ubansa ya wanke nasa. Ya jawo kwanon. Loma ɗaya ce, amma ya daɗe yana taunawa.

"Joanna ba ta nan," in ji Levi, idonsa a kan tsumman hannunsa. "Ka ci naman a hankali."

Rufus ya so ya yi dariya, abin da ya fito ba dariya ba ne.

Mildred ta dawo ɗaukar kwano, ta tsaya turus tana kallon mijinta.

"Dadi, me kake yi haka? Naka yana cikin kula fa."

"Tun yaushe yake bari?"

"Tun da muka dawo garin nan. Kullum rabi. Ai na gaya maka ba ya ci."

"Nawa ne," in ji Rufus. "Namu ne, na yara. Haka yake yi tun muna kwatas. Ko kin kawo masa ƙwayar masara ɗaya, sai ya raba ta." Ya ɗago kai. "Ina kike kaiwa?"

Idonta ya tafi wajen bayan kicin, inda bokitin yake. Ta sa hannu biyu ta rufe baki.

"Ba ta sani ba," in ji Levi. "Kai ne ka sani." Ya ɗan huta, ya ƙara da cewa, "Miyarta tana da daɗi. Ta fi ta uwarka gishiri, amma tana da daɗi."

Washegari Mildred ta hau kujera ta sauko da babbar langar Lucia daga kan kabad, mai zanen jan fure da ya fara gogewa. Ta cika ta. Levi ya kalli tuwon, ya sa gefen hannu ya tsaga shi a tsakiya kamar da. Amma cikinsa ya riga ya manta. Loma uku ya yi ya tsaya. Ya tura langar, Rufus ya tsugunna, ya ɗaga murya.

"Stella! Zo nan."

Kumai ya ga fuskar Levi ta ɗaure. Yarinyar ta zo da waya a hannu ɗaya, cokali a ɗayan. Ta kalli ubanta a ƙasa, ta kalli kakanta.

"Dadi, a ƙasa?"

"Ajiye cokalin nan."

"Bar ta," in ji Levi.

Ta tsugunna ta ci da cokalinta. Can Rufus ya kai hannu wajen naman, ta riga shi da cokalin ta cafke.

"Ke! Ba ki da kunya?"

"Kai fa ka ci na jiya. Momi ta gaya mini."

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Levi. Kumai ya leƙa da sauri, yana tsammanin tari ne. Ba tari ba ne.

Ba kullum Rufus ya riƙa samun zuwa ba. Citta ba ta jira, masu mota ba sa jira. Akwai ranakun da aka kai langa babu kowa a gidan sai tsofaffin biyu. Amma Mildred ta daina zuwa ɗauka. Sai langar ta zauna a bakin ƙofa a rufe, har Stella ta dawo daga lesin, ta ajiye jaka, ta tsugunna, littafi a buɗe a gefe. Ba wanda ya kira ta. Wani lokaci tana ci tana ba kakanta labarin malamin lissafinsu, shi kuma yana kallon bango kamar ba ya ji.

Wata yamma, suna su biyu, Levi ya ce, "Mutumin Kagoro. An ce an gan ka a Kwoi."

"An gan ni."

"Me ya kai ka garinmu?"

"Citta na je saya."

"Ina take?"

"Ta yi tsada."

Levi ya gyaɗa kai a hankali. "Bencin nan ƙafarsa ɗaya tana rawa," ya ce. "Ka sa mata dutse, kada ka faɗi."

Jikin bai dawo ba. Ƙafafunsa suka kumbura, tuwo ya gagara, aka koma kunu. Fasto ya zo ya ba shi jibin Ubangiji a ɗaki. Joanna ta zo daga Abuja ta kwana biyu, ta koma saboda aiki, ta ce za ta dawo ƙarshen wata.

Ranar da abin ya faru, ranar aiki ce kamar kowace. Motar Rufus ta fita da asuba. Stella ta tafi makaranta. Mildred ta dama kunun gyaɗa ta kai masa a kofin silba, ta gyara masa matashi, mai okada yana ta hon. Kumai ya shigo da hantsi ya zauna a benci. Ya ji ƙarar kofi a kan siminti. Ya yi maganar farashin taki, ya yi maganar sabon limamin cocin Katolika da aka ce ba ya jin Hausa. Ba a amsa ba, amma Levi ba kullum yake amsawa ba. Sai da ya zagi Jaba ya ji shiru, sannan ya tashi.

Levi yana jingine da bango, kansa ya karkata, tsumman a ninke a kan gwiwarsa. Kumai ya tsaya a kansa ya daɗe. Ya sa hannu ya rufe masa ido. Ya cire hularsa. Sannan ya je jikin katanga ya kira Milka, ya ce ta kira yaran.

Kafin azahar gidan ya cika. Matan zumunta suka zo da ɗaurin zanensu iri ɗaya, wasu suna waƙa a hankali a tsakar gida, wasu suna kwashe kayan guga daga teburin falo don masu zuwa gaisuwa. Mildred ta iso da kayan aikinta, ta shiga ɗakin ta durƙusa. An ce Rufus ya baro Kwoi. An aika makaranta a taho da Stella.

Wata daga cikin matan ta shiga share ɗakin. Ta sunkuya za ta ɗauki kofin kunun da ke bakin ƙofa ta kai wanki. An sha rabi daidai.

"Bar shi," in ji Kumai.

"Baba, ya huce fa. Ƙuda zai faɗa."

"Yana da mai shi."

Ya karɓi kofin, ya nemi murfin langar Lucia ya kifa a kai. Ya koma bencinsa, wanda ya sa wa dutse a ƙafa, ya zauna ya ɗora kofin a gwiwa, hannu ɗaya a kan murfin. Mutane suna shiga suna fita ta gabansa. Shi dai yana kallon ƙofar gida.